Ina Aikin Hannunmu a Ɗakin Amarya?



Wataƙila wasu sun yi mamaki da suka ji cewa a kan faifai da ƙwarya da alkaki za mu yi magana yau, a zauren da aka saba jin batun siyasa da tattalin arziki. To, a yi mana haƙuri kaɗan. Mafi yawanmu, in Allah ya ba da rai, nan da 'yan shekaru za mu yi aure ko mu aurar da ƙanne, kuma albashinmu na farko shi zai ɗauki nauyin. Saboda haka maganar ta shafi aljihunmu, ta shafi mutuncin iyayenmu, ta kuma shafi abincin masu sana'a a garuruwanmu da ƙauyukanmu.

Bari mu fara da tuna yadda kakanninmu ke shirya ɗakin amarya. Da an sa rana, sai matan unguwa su taru su yi daɓe, suna buga ƙasa da madaɓi suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har daɓen ya yi ƙarfi yana sheƙi. Goggo ta zauna da kaba ta saƙa faya-fayai, a rina wani sashe da karan dafi ya yi ja, wani da baba ya yi shuɗi. A fafe duma, a kankare, a kai wa mai zane ya fitar da ado da wuƙa mai zafi. Masaƙa su ba da gwado da saƙi, dukawa su ba da matashin fata, magina su ba da randa da tulu da kaskon turare. Ranar jere kuwa, mata su shirya waɗannan kaya bisa tsari, har wanda ya leƙa ɗakin ya iya faɗin hannun wanda ya yi kowane abu.

Haka nan abin da ake raba wa jama'a. Garar da ake kaiwa gidan ango ta ƙunshi alkaki da nakiya da dubulan, kuma kwana da kwanaki ake yi ana aikinsu a tsakar gida. Nakiya dai garin shinkafa ne da ake soyawa, a kirɓa shi da zuma ko sukari da man shanu da kayan yaji, kuma idan gwana ta yi ta, sai ta daɗe ƙwarai ba ta lalace ba. Daga cikin garar nan ake ɗiba a aika wa dangi da maƙwabta, kowa ya san an tuna da shi. Wadda ta taya ki aiki yau, gobe ke za ki taya ta, wadda ta kawo miki gudummawa, ke ma ki rama mata har da ƙari. Abin da mata ke kira biki ke nan, kuma da shi ne talaka ke aurar da 'yarsa ba tare da ya tozarta ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada a ɗauka cewa waɗannan sana'o'i na rashin abin yi ne. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, take cin kayan hannu. Lokacin da Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar har Tambutu da Tarabulus. Jar fatar akuyar Sakkwato ta ƙetare hamada ta shiga kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta koyi sana'a a hannun 'yar'uwar iyayenta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, daga baya kuma aka sa hotonta a takardar naira 20. Ashe ke nan abin da muke rainawa a gida, shi ne ya fitar da sunanmu a waje.

To, yaya aka yi muka bar shi? A zamanin Turawa kantuna suka kawo kwanon langa da kwalla, suka ture ƙwarya daga jere. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, sai idon ɗan boko ya buɗe ga kayan kanti, ya fara jin kunyar tabarma da faifai. Talaka kuwa ɗan boko yake kallo. Aka bar langa aka koma tangaran, aka bar tangaran aka koma kujeru da gadaje na yayi. Yau ga shi mun kai inda ake raba wa baƙi bokitin roba da kofi da kalanda masu hoton ango da amarya, kayan da yawancinsu daga nesa aka yo odarsu. Bayan wata biyu robar ta fashe, hoton amarya yana yawo a bola. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu 'yan boko mu ne muka buɗe wannan ƙofa.

Illar abin ba ƙarama ba ce. Ta farko, bashi. Kowa a nan ya san uban da ya sayar da gona ko ya jinginar da gida don kayan ɗaki, ko ma'aikacin da ya shekara yana biyan bashin biki na kwana uku. Ta biyu, yarinya ta samu miji, amma aure ya tsaya saboda iyaye na tsoron gorin dangin ango. Ta uku, wadda ta fi ciwo, ita ce yaran mata da ake ɗora wa talla tun suna ƙanana don a tara kuɗin kayan ɗaki, alhali tsararrakinsu suna aji. Ta huɗu, kuɗin da ya kamata ya shiga hannun mai saƙar faifai a ƙauyenmu ya tafi wata ƙasa, ita kuwa ba ta ga dalilin koya wa jikarta sana'ar da ba a saye ba. Ranar da ta kwanta dama, ilmin ya bi ta kushewa.

Mun san za a ce mana zamani ya canza, kuma gaskiya ne. Ba wanda zai yi daɓe a gidan siminti, ma'aikaciyar asibiti ko malamar makaranta ba ta da kwana bakwai na zaman tuyar alkaki, kuma ba laifi ba ne amarya ta so gado mai kyau. Ba mu ce a koma zamanin jiya ba. Haka kuma ba mu yarda a fake da sunan al'ada a riƙa sa mata aikin wahala kyauta ba. Abin da muke nema shi ne a ba aikin hannu gurbinsa a cikin bikin yau, a kuma biya mai shi haƙƙinsa.

Ga shawarwarin da muke ganin kowa zai iya ɗauka. Na ɗaya, duk wanda zai raba wa baƙi wani abu, ya sa kuɗin robar nan a ƙaramin faifai, ko mafici na kaba, ko 'yar jakar fata, ko ƙullin turaren wuta irin na matan Barno. Waɗannan ana amfani da su, ba a jefar da su. Na biyu, a ba da aikin da wuri, wata uku ko huɗu kafin biki, a ba da kafin alƙalami, domin saƙa ba ta son gaggawa. Na uku, mu daina tayin wulaƙanci. Abin kunya ne mutum ya biya kuɗin kanti ba musu, sa'an nan ya tsaya yana ja-in-ja da tsohuwar da ta kwana uku a kan faifai ɗaya. Na huɗu, ƙawayen amarya da abokan ango, maimakon a ƙare a kan anko kawai, su ware yini ɗaya ko biyu su taru su yi wani abu da hannunsu, ko ɗinkin zanen gado da rigar matashi, ko ƙulla nakiya da dubulan, ko ƙawata wurin zama da tabarmi da ƙore da rinannen yadi na Ƙofar Mata. Na biyar, idan mun je hutu, kowa ya zauna gaban kakarsa ko goggonsa ya koyi abu ɗaya, ya rubuta sunayen zane da yadda ake haɗa rini. Wannan ma bincike ne, ba ya kasa wanda muke yi a ɗakin karatu.

'Yan'uwa maza, akwai magana ta musamman gare ku. Yawancin wahalar da iyayen amarya ke sha, tsoron bakin danginku ne. Idan ango ya tashi tun da wuri ya gaya wa iyayensa mata da 'yan'uwansa cewa abin da aka kawo ya ishe shi, ba ya son a ƙirga kaya ko a yi gori, to rabin nauyin ya sauka. Ku kuma 'yan'uwa mata, idan mai digiri ta rataye faifan kakarta a falonta ba tare da jin kunya ba, gobe maƙwabciyarta za ta nemi irinsa.

Jama'a, an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Biki na gaba da za a yi a gidan kowannenmu, mu tabbata akwai ko da abu ɗaya a ɗakin amarya wanda za a nuna a ce wance ce ta yi shi. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya sa albarka a sana'ar iyayenmu.