Fatalwar Oiwa da Dandalinmu na Katsina

Tun shekarar 1825, sa'ad da aka fara nuna wasan Yotsuya Kaidan na Tsuruya Nanboku a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo, mutanen Japan ba su gushe ba suna sabunta shi a dandalin kabuki, inda maza ke fitowa a siffar mata, kuma bisa al'ada 'yan wasan sukan ziyarci kushewar da ake jinginawa ga Oiwa kafin su soma. Oiwa kuwa, a cikin wasan, ita ce matar da aka shayar da guba har fuskarta ta lalace, domin mijinta Iemon ya auri jikar mawadaci, ta mutu da baƙin ciki, sa'an nan fatalwarta ta hana shi sakat.

A aƙidarmu, wanda ya shiga barzahu ba ya komowa. Amma alhakin matar da aka zalunta, babu malamin da zai musa cewa yana bin mai shi.

Abin da ke damuna shi ne, yayin da mutanen Japan ke ta sabunta nasu, mu Katsinawa, da muke da wasan Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina tun 1979, ba kasafai muke ganinsa a dandali ba. Ina roƙon ƙungiyoyinmu na wasan kwaikwayo su ɗauko shi bana.