FARANTIN SOLA NA RANGADI: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Makasudin wannan jawabi shi ne a yi bayani a kan farantin nan mai juya hasken rana ya zama lantarki, wanda jama'a su ke kira sola. Manyan da a ke kafawa bisa rufin asibiti ko a bakin rijiyar burtsatse, an ajiye maganarsu sai wani jiƙo. Na yau shi ne ƙaramin, wanda mutum zai naɗe ya sa a jaka ya tafi da shi rangadi, don ya yi cajin wayarsa da rediyonsa da tocilarsa.

Dalilin da ya sa a ka kawo maganar gaban hakimai a fili ya ke. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya cikin 2001, saƙon da dā manzo ya ke kaiwa bisa doki ko keke ya koma cikin aljihu. Da waya dagaci ya ke sanar da hakimi an yi ambaliya, ko amai da gudawa ya ɓulla, ko ɓarayi sun kora shanu. Da ita kuma hakimi ya ke isar da labari ga Sarki da ƙaramar hukuma, ko ya buga lambar gaggawa ta 112. Amma ƙauyuka da yawa ba a kai musu lantarki ba, inda a ka kai kuwa ba kullum ya ke zama ba. Wayar da ba ta da caji a daren tashin hankali, da ita da babu duk ɗaya. Farantin sola ya na maganin wannan, amma fa sai an sayi na ƙwarai, an kuma san yadda a ke aiki da shi.

ASALIN ABIN

Cikin 1839 wani saurayi Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya gane cewa haske ya na iya haifar da lantarki. Sai cikin 1954 masanan Bell Laboratories a Amurka su ka ƙera faranti na farko mai amfani sosai, da wani sinadari wai shi silikon, wanda a ke tacewa daga ma'adinin da yashi ya ƙunsa. Nasu kashi 6 kawai cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa ya ke juyawa lantarki. Cikin 1958 a ka ɗora irinsa a kan tauraron ɗan Adam mai suna Vanguard 1. Na yanzu masu kyau su na juya wajen kashi 20 cikin ɗari, kuɗinsu kuma ya sauko har talaka ya na iya saye.

YADDA YA KE AIKI

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, faranti ba ya ajiye wuta. Misalinsa kamar indararo ne: muddin a na ruwa ya na zuba, da an ɗauke sai ya tsaya. Mai son ruwa bayan an ɗauke, sai ya tara randa. Randar faranti ita ce batirin ajiya, wanda 'yan kasuwa su ke kira fawa banki. Saboda haka hanya mafi kyau ita ce a cika batirin ajiya da rana, sa'an nan da dare a ɗura wa waya daga cikinsa. Wannan ya fi a haɗa wayar kai tsaye, domin in girgije ya gifta wuta ta kan ragu, waɗansu wayoyi kuwa in sun daina karɓa ba su ci gaba sai an zare igiya an mayar.

Abu na biyu, ƙarfin turin lantarki da a ke aunawa da bolt. Kafar caji ta USB bolt 5 ta ke bayarwa, shi ne abin da waya ta saba karɓa. Amma farantin da a ka yi don batirin bolt 12 ya na fid da wajen bolt 18 ko fiye. Wanda ya yanke igiya ya haɗa waya da irin wannan, ya ƙone ta. Lalle ne faranti ya zo da kafar USB tasa, ko kuwa a sa masa kwanturola a tsakani.

LISSAFI KAFIN SAYE

Nan ne aikin malami ya ke, gama lissafi sana'arsa ce. A na auna yawan wutar faranti da wat. Adadin da a ka rubuta a bayansa kuwa an same shi ne a ɗakin gwaji, da cikakken haske da zafin digiri 25 kacal. A filin Allah ba a samun haka. Faranti mai wat 20 galibi wat 12 zuwa 14 ya ke bayarwa. A ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato, in an tattara hasken yini guda ya kan kai kimanin awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi. Wat 13 sau awa 5 ya ba da 65. Waya mai batirin 5,000 mAh ta na ɗaukar wajen 19 a wannan ma'auni, in an haɗa da abin da ke zubewa a hanya a ce 25. Ke nan faranti mai wat 20 zai cika waya biyu ko uku a yini, ba goma ba kamar yadda mai talla zai ce. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa ta fi ƙarfinsa, ita sai mai wat 60 ko fiye.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da malami zai yi da takardar ofis, irin wadda a ke kira A4. Faranti mai faɗin takarda ɗaya, komai kyaunsa, ba zai wuce wat 12 zuwa 14 ba, domin iyakar hasken da ya sauka a wannan faɗi ke nan za a juya. Mai wat 20 na gaskiya sai ya kusa takarda biyu. To, in an ga faranti kamar tafin hannu an rubuta masa wat 50, ƙarya ce tsagwaronta. Haka nan batirin ajiya mai ɗan faranti manne a bayansa: wat ɗaya ko biyu ya ke samu, sai ya yi kwanaki a rana bai cika ba, ga zafi ya na cinsa. Araha ba ta ado. A gwada faranti a rana tun a gaban mai kanti, a karɓi rasit. Kayan da a ka tabbata jabu ne, a kai ƙararsu ga hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON.

YADDA ZA A FUSKANTAR DA SHI

Faranti ya fi ba da wuta sa'ad da ya dubi rana ido da ido, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na yamma. Kano ta na kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka yawancin shekara rana ta kan karkata kudu da tsakar rana. Cikin Disamba karkatar ta kan kai digiri 35, sai a jingina faranti ya dubi kudu. Amma daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta kan bi ta bisa kai, har ta ɗan karkata arewa, lokacin nan kusan a kwance ya fi. Wanda ba ya son wahalar digiri, ga dabara: ya tsai da tsinke a miƙe bisa fuskar farantin, ya yi ta juya farantin har inuwar tsinken ta ɓace. Inda ta ɓace, nan ne daidai. A gyara shi sau uku, da hantsi, da tsakar rana, da bayan azahar.

ABOKAN GABA UKU

Na farko inuwa. 'Yan gidajen da ke cikin faranti a jere a ka haɗa su, wuta ta na bi ta ɗaya zuwa ɗaya kamar ruwa a lambatu. In ganye guda ko kashin tsuntsu ya rufe gida ɗaya, an toshe lambatun, wutar jerin duka ta faɗi. Kada a sa shi gindin darbejiya, kada kuma a sa shi cikin mota bayan gilashi.

Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ta kan kwaso ƙura daga hamada, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Hazo ya na rage haske tun daga sama, wannan ba yadda za a yi da shi. Amma wadda ta kwanta bisa faranti, wannan laifin mai shi ne. A share shi kowace safiya da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, tun bai yi zafi ba. Kada a goge shi da toka ko yashi kamar kwano, gama ƙarzuwa ba ta gyaruwa.

Na uku zafi. Jama'a su na zaton zafin rana shi ne abincin faranti, alhali kuwa haske ne. Kowane digiri ɗaya da zafinsa ya haura 25, ya na rasa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wutarsa. Da bazara jikinsa ya kan kai digiri 60, sai ya yi hasarar wajen kashi 14. Kada a shimfiɗa shi bisa kwanon rufi ko rairayi mai zafi, a ɗaga shi iska ta bi ta ƙarƙashi. Batir kuwa zafi ya fi yi masa ɓarna, ba ya son caji in ya haura digiri 45. Dokar ita ce, faranti a rana, waya da batir a inuwa. Batirin da ya kumbura a daina aiki da shi nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta, domin ya na iya kamawa da gobara.

ABIN DA A KE FATA DAGA HAKIMAI

A na roƙon kowane hakimi ya ga ofishinsa ya na da faranti ɗaya na ƙwarai da batirin ajiya biyu, don in ɗaya ya na shan wuta ɗaya ya na aiki. Da damina, sa'ad da hadari ya kan rufe rana yini biyu, a nan za a ga amfanin na biyun, kuma lokacin ne ambaliya ta ke zuwa. A danƙa kayan a hannun mutum guda, don abin da ya ke na kowa ba mai share masa ƙura. Malami ya shigar da su cikin littafin kayan ofis: ranar saye, da kuɗi, da yawan wat, da sunan mai riƙo. Ya riƙa rubuta yawan wayar da a ka cika kowane mako, domin in adadin ya fara raguwa a nemi dalili tun da wuri. Sau da yawa igiyar caji ce ta lalace, ita kuwa kuɗinta kaɗan ne.

In an fita rangadi, a shimfiɗa farantin a ƙofar gidan dagaci inda jama'a za su gani, malami ya nuna musu gwajin takarda da dabarar tsinke. Talaka ya kan tara kuɗin gyaɗarsa ko na akuyarsa kafin ya sayi irin wannan abu, kuma kare shi daga mai algus ya na cikin amanar da ke wuyan shugabanni. A gargaɗi dagatai da masu unguwanni kada rana ta faɗi wayarsu ba caji, gama don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Allah ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka, ya taimaki hakimai bisa riƙon jama'arsu, amin.