Yadda Polan ta shiga ƙungiyar OTAN: gyaran gida kafin neman majiɓinci

 

An nemi in yi magana kan yadda ƙasar da ta fito daga mulkin gurguzu take neman shiga ƙawancen soja na ƙasashen Yamma, wato ƙungiyar da ake kira OTAN da Faransanci, NATO da Ingilishi. Na zaɓi ƙasar Polan don ita ta nema ta samu, kuma an san abin da ta biya. Abin da nake so ku riƙe shi ne: kafin a buɗe ma Polan ƙofa, sai da ta sa askarawanta ƙarƙashin waɗanda jama'a ta zaɓa, ta kashe rigimar iyaka da maƙwabta, jam'iyyunta kuma suka yi magana da baki ɗaya.

Bari mu fara da tsoron da ya kai ta ga neman. Polan fili ce shimfiɗaɗɗe tsakanin Jamus da Rasha, babu wani dutse ko teku da ya tsare ta daga gabas ko yamma. Sau uku, a 1772 da 1793 da 1795, Rasha da Farusiya da Ostiriya suka raba ta kamar naman watanda, har sunanta ya ɓace daga taswira shekara 123. Ta dawo a 1918. A watan Maris na 1939 Ingila ta yi mata alkawarin kariya, Faransa kuma dama ƙawarta ce. Ranar 1 ga Satumba Hitler ya faɗa mata. Ƙawayen sun shelanta yaƙi ranar 3 ga wata, amma ba su kai ma Jamus wani farmaki na a zo a gani ba. Ranar 17 ga wata askarawan Tarayyar Sobiyet suka shigo daga gabas. Kafin yaƙin ya ƙare ƴan ƙasar wajen miliyan 6 sun halaka, kusan rabinsu Yahudawa. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga nan mutanen Polan suka daina yarda da alkawarin fatar baki.

Bayan yaƙi ƙasar ta faɗa hannun Mosko. Daga 1949 zuwa 1956 ministan tsaronta ma babban hafsan Sobiyet ne, Konstantin Rokossovsky. A Warso, babban birninta, aka sa hannu kan ƙawancen sojan ƙasashen gurguzu a watan Mayu na 1955. Sa'ad da ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc ta taso a Gdansk a 1980, ƙarƙashin wani ma'aikacin lantarki mai suna Lech Walesa, askarawan ƙasar ne aka yi amfani da su don murƙushe ta: Janar Jaruzelski ya kafa dokar soja ranar 13 ga Disamba 1981. A 1989 gwamnati da ƴan adawa suka zauna teburi ɗaya, aka yi zaɓe ranar 4 ga Yuni, gurguzu ya sha ƙasa. An rusa ƙawancen Warso ranar 1 ga Yuli 1991, askarawan Rasha na ƙarshe kuma suka bar ƙasar a watan Satumba na 1993.

Mece ce OTAN, har ake wannan rububi a kanta? An kafa ta a Washinton ranar 4 ga Afrilu 1949 da ƙasashe 12. Ƙashin bayanta shi ne aya ta 5 ta yarjejeniyar, wadda ta tanadi cewa hari kan ƙasa ɗaya hari ne kan dukkansu. Ku ƴan kasuwa kun san lamuni: wanda ya tsaya ma wani, in bashi ya faɗi shi za a kama. Don haka ba a shiga sai da yardar kowace ƙasa da ke ciki, kuma babu mai tsaya ma mutumin da bai san halinsa ba.

Da farko manyan ba su so ba. A watan Agusta na 1993 shugaban Rasha Boris Yeltsin ya ziyarci Warso ya nuna ba ya adawa, amma bayan ƴan makonni ya aika ma shugabannin Yamma wasiƙa ya janye. A Janairu 1994 OTAN ta fito da wani shiri na haɗin gwiwa don zaman lafiya, wanda ya ba da damar atisaye tare ba tare da aya ta 5 ba. Mutanen Polan da yawa sun ɗauke shi tamkar an shimfiɗa masu tabarma a zaure alhali ƙofar cikin gida na rufe. Duk da haka suka sa hannu a Fabrairu, suka ci gaba da ƙwanƙwasawa.

Yanzu ga wurin da nake so mu tsaya. Tsarin mulkin wucin gadi na ƙasar bai fayyace wanda ke riƙe da linzamin soja ba, shugaban ƙasa ko gwamnati. Bayan zaɓen 1993 majalisa ta koma hannun tsoffin ƴan gurguzu da abokansu, Walesa yana fadar shugaban ƙasa, aka shiga zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 30 ga Satumba 1994, a filin atisaye na Drawsko, aka yi wata liyafa wadda Walesa ya halarta. A gabansa janar-janar suka nuna ba su yarda da ministan tsaro Piotr Kolodziejczyk ba, suka goyi bayan hafsan hafsoshi Janar Tadeusz Wilecki. A watan Nuwamba ministan ne ya rasa kujerarsa, janar ɗin ya zauna daram. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, amma kowa ya gane cewa masu kaki sun tsige wanda doka ta ɗora a kansu. Mu nan ba baƙi ba ne ga irin wannan zama: namu na 1995 tsakanin shugaban ƙasa da faraminista ya ƙare da juyin mulkin 27 ga Janairu 1996.

Labarin Drawsko ya isa manyan biranen Yamma, ya zubar da mutuncin mai nema. A Satumba 1995 OTAN ta fitar da rahoto kan sharuɗɗan karɓar sabbin ƙasashe. Cikinsu akwai dimokuraɗiyya, da warware rigingimun iyaka da na ƙabilu cikin lumana, da kasancewar soja ƙarƙashin ikon farar hula. Dalilin a fili yake: wanda zai damƙa ma wani sirrin yaƙinsa, ya kuma ɗaure kansa da mutuwa dominsa, yana son ya san wanda ke ba da umarni a can, da wanda zai iya tuhumarsa.

A Nuwamba 1995 Aleksander Kwasniewski, wanda ya taɓa zama minista a zamanin gurguzu, ya kada Walesa a zaɓe. Masu tsammanin zai juya akalar ƙasar zuwa Mosko sun sha mamaki. A farkon 1996 wata doka ta fara aiki wadda ta sa hafsan hafsoshi da ma'aikatarsa ƙarƙashin ministan tsaro. A Maris 1997 aka sauke Janar Wilecki, ya tafi, bariki ba ta motsa ba. Sabon kundin tsarin mulki, wanda jama'a ta amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ta Mayu 1997, ya rubuta a aya ta 26 cewa askarawa ba su da ɓangare a siyasa kuma suna ƙarƙashin ikon farar hula na dimokuraɗiyya. Ku ma'aikata kun san abin da wannan ke nufi a aikace: kasafin kuɗin soja yana bi ta majalisa, ƴan majalisa suna kiran minista su tambaye shi, ƙarin girma yana bin doka.

Haka aka yi da maƙwabta. Polan ta sa hannu da Jamus kan iyaka ranar 14 ga Nuwamba 1990. Ta ƙulla yarjejeniyar maƙwabtaka da Yukren a 1992, da Lituwaniya a 1994, alhali biranen Lviv da Vilnius, waɗanda ke hannun waɗannan ƙasashe, ƙarƙashinta suke kafin yaƙi. Ta haƙura da su. Gwamnatoci sun yi ta sauyawa tsakanin ƴan Solidarnosc da tsoffin abokan gabarsu, amma wannan manufa ba ta sauya ba.

Gaskiya ce cewa gyaran gida kaɗai bai isa ba. Jamus tana son ta daina zama bakin iyakar ƙawancen. A Amurka akwai miliyoyin masu zaɓe ƴan asalin Polan, kuma shugaba Clinton ya san da su. Rasha a lokacin ba ta da ƙarfin hanawa. To amma da ranar ta zo Polan ba ta shirya ba, da ta wuce ta. A Mayu 1997 OTAN da Rasha suka sa hannu kan takardar fahimtar juna a Paris. A Yuli, a taron Madrid, aka gayyaci Polan da Cek da Hangari. Majalisar dattawan Amurka ta amince ranar 30 ga Afrilu 1998 da ƙuri'a 80, 19 suka ƙi. Ranar 12 ga Maris 1999, a garin Independence na jihar Misuri, ministan harkokin waje Bronislaw Geremek ya miƙa ma Madeleine Albright takardun shiga.

Sai maganar farashi, don babu cinikin da ba shi da shi. Kwana 12 da shiga, OTAN ta fara ruwan bama-bamai kan Yugoslabiya, sabuwar shiga ta iske kanta cikin ƙawancen da ke yaƙi. Sau ɗaya tak aka taɓa tada aya ta 5, bayan harin 11 ga Satumba 2001, kuma don Amurka aka yi. Ƴan Polan sama da 40 sun mutu a Afganistan. A 2003 ƙasar ta bi Amurka zuwa Iraƙi, yaƙin da ba na OTAN ba ne, wanda Faransa da Jamus suka ƙi, ta rasa askarawa sama da 20. A shekarar nan ta sayi jiragen yaƙi F-16 guda 48 kan dalar Amurka wajen miliyar 3 da rabi. A 2014 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta same ta da laifin barin hukumar leƙen asirin Amurka ta tsare mutane da azabtar da su a ƙasarta. Wannan abin kunya ne, kuma ya nuna cewa ƙaramin abokin babba yana iya manta dokar da ya sha wahalar kafawa. A 2024 ta kashe sama da kashi 4 cikin ɗari na arzikin da take samarwa kan tsaro. Kuɗin nan daga harajin mai shago da albashin ma'aikaci suke fitowa.

Ban manta da hujjar Rasha ba. Tana cewa a 1990 an gaya ma Gorbachev da baki cewa OTAN ba za ta matso gabas ba. Ƙasashen Yamma suna amsa cewa maganar kan haɗewar Jamus aka yi ta, kuma ba a rubuta hani kan wasu ƙasashe ba. George Kennan, tsohon jami'in diflomasiyyar Amurka, ya yi gargaɗi a 1997 cewa faɗaɗa ƙungiyar babban kuskure ne da zai tunzura Rasha. Wannan muhawara ba ta mutu ba, kuma mai hankali ba zai yi watsi da ita ba. Sai dai a ganina duk wanda ya ɗauki al'amarin ciniki ne tsakanin Washinton da Mosko kaɗai, ya manta da mutum wajen miliyan 38 da suka faɗi abin da suke so ta bakin zaɓaɓɓunsu.

Ku dubi waɗanda aka ba rabin alkawari. A taron Bukares na Afrilu 2008 OTAN ta ce Yukren da Jojiya za su shiga wata rana, ba ta sa rana ba, ba ta ba su kariya ba. A Agusta na shekarar yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Jojiya. A 2014 Rasha ta karɓe Kirimiya, a Fabrairu 2022 ta auka ma Yukren gaba ɗaya. Lamunin da babu rana babu takarda ya jawo masu fushin maƙwabci, bai ba su garkuwa ba. Finlan da Suwidin, da suka ga gemun ɗan uwa ya kama wuta, suka shiga a 2023 da 2024, ƙasashen ƙungiyar suka kai 32.

Ƴan uwa, kowa na da ra'ayinsa kan OTAN, kuma bayan abin da ya biyo yaƙin Libiya na 2011 a yankinmu, ba zan ga laifin mai shakka ba. Abin da na kawo maku dai shi ne ribar da Polan ta ci tun kafin a karɓe ta. Janar ya koyi sara ma minista, minista ya koyi amsa tambayar majalisa, majalisa kuma tana jin tsoron mai ƙuri'a. Ko da an rufe mata ƙofa a Madrid, wannan riba tata ce.

 Allah ya ba mu zaman lafiya.