Ƙwayar HPV da Sankarar Bakin Mahaifa: Allura ga 'Ya, Gwaji ga Uwa

Lacca da aka gabatar a Manchok, Ƙaramar Hukumar Kaura



Sankarar bakin mahaifa tana cikin cututtukan daji ƙalilan da aka san musabbabinsu. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ne ya gano ƙwayar HPV nau'i na 16 da na 18 a jikin masu wannan ciwo a 1983 da 1984, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Duk da wannan sani, a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu.

HPV dangi ne babba, nau'inta ya haura 200, amma ba duka ke kisa ba. Na 6 da na 11 tsiro kawai suke fitarwa a al'aura. Masu haɗarin gaske 12 ne: 16, 18, 31, 33, 35, 39, 45, 51, 52, 56, 58 da 59. A cikinsu, 16 da 18 kaɗai ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Na 35 kuwa an fi samunsa a jikin matan Afirka fiye da na Turai.

Ta hanyar saduwa ake ɗauka, kuma namiji yana yawo da ita bai sani ba. Don haka maigida, kada ka ɗora wa matarka zargi idan gwaji ya nuna tana ɗauke da ita. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa.

Yawancin waɗanda suka ɗauka, jikinsu kan kawar da ita cikin shekara 2. Matsalar tana ga wadda ƙwayar ta zauna mata daram. A hankali take sauya fatar bakin mahaifa, kamar yadda gara ke cin azara ta ciki, waje kuwa lafiya lau. Babu zafi, babu jini. Kafin wannan sauyi ya rikiɗe ya zama sankara, akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mai ƙanjamau kuwa shekara 5 zuwa 10 sun isa, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata sau 6. Waɗannan shekaru su ne damarmu.

Najeriya ta fara allurar rigakafi kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 ranar 24 ga Oktoba 2023, ta iso Jihar Kaduna a Mayun 2024. Sau ɗaya ake yin ta, a damtse, kuma ba ta hana haihuwa. Sai dai nau'i 4 take tarewa: 6, 11, 16 da 18. Ba ta kuma fitar da ƙwayar da ta riga ta shiga. Ke nan allurar 'ya ba ta ɗauke wa uwa gwaji ba, ita ma 'yar idan ta girma sai ta gwada.

Gwajin ba abin tsoro ba ne. Ma'aikaciyar jinya za ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, ta jira minti 1, ta haska fitila. Idan wuri ya yi fari, alama ce ta sauyi, sai a ƙone shi da ɗan ƙarfe mai ɗumi cikin 'yan mintuna, mace ta koma gida da ƙafarta. Wadda ta jira sai ta ga jini bayan saduwa, ko bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari, sau da yawa sai an kai ta babban asibitin Shika ko na Jos, an sayar da citta da akuya, ba lallai a dace ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a gwada mace a shekara 35, a sake a 45. Ina roƙon Zumuntar Mata da makarantun Islamiyya su rubuta sunayen matan da suka kai waɗannan shekaru, su tambayi asibitin Kafanchan ranar gwaji, su ɗauki mota su tafi tare. Ku kuma iyaye maza, kuɗin motar a aljihunku yake.