Kalkuleta Mai Zane: Wa Ya Kamata Ya Saya, Wa Ya Kamata Ya Haƙura?



Da aka ce ni zan yi magana a kan kalkuleta, na san wasu sun yi mamaki, domin aji biyar na firamare nake koyarwa, kuma a ajina yatsu da ƙwallayen dabino sun fi kowace na'ura aiki. To, ba a matsayin gwani na tsaya a gabanku ba. Uba ne ni wanda abin ya taɓa ƙonawa, shi ya sa na zauna na bi diddiginsa.

Shekaru biyu da suka wuce, ƙanina da ke karatu a Amurka ya aiko wa babbar yarinyar gidana tsaraba, lokacin tana aji biyu na babbar sakandare. Kalkuleta ce ƙirar TI-84 Plus CE ta kamfanin Texas Instruments, mai faffaɗar fuska mai launi, ana yi mata caji kamar waya. Gida ya ɗauki murna. Yarinya ta jingine tsohuwar kalkuletarta da littafin jadawalin alƙaluma huɗu, wanda ɗalibai ke kira fofiga, ta rungumi sabuwa har kusan shekara guda. Ranar jarrabawar gwaji ta lissafi, mai sa ido ya ɗaga na'urar, ya juya ta, ya ce ba za ta shiga ɗakin ba. Aka ara mata wata ƙarama wadda ba ta san inda maɓallanta suke ba. Ta dawo gida da kuka, makin da ta samu kuwa ba zan faɗe shi a bainar jama'a ba. Da farko na ji haushin mai sa idon. Da na nemo tsohuwar takardar tambayoyi na karanta umarnin da ke shafin farko, sai na tarar shi ne mai gaskiya, ni ne ban yi tambaya ba. Allah ya taimake mu gwaji ne. Da a babbar jarrabawa aka tsinci na'urar a hannunta bayan an fara rubutu, da maganar satar amsa za a yi, sakamakonta ya shiga haɗari.

Bari in fayyace abin da muke magana a kai, don iyayen da ba su taɓa riƙe ta ba. Ƙaramar kalkuleta ta mai shago tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa take yi. Ta kimiyya, irin Casio fx-82 ko fx-991ES Plus da ke cike da kasuwanninmu, tana ƙarawa da lissafin kusurwa da logaridim da sauran abin da ɗan sakandare ke buƙata. Ita kuwa mai zane, in ka rubuta mata lissafi, sai ta zana maka siffarsa a fuskarta, wato giraf. Tana kuma iya ajiye rubutu da ƙananan shirye-shirye a cikinta, kuma wannan ajiyar ce ta sa hukumomin jarrabawa da yawa ke ɗari-ɗari da ita. Kamfanin Casio na Japan ne ya fara fito da ita a 1985 da samfurin fx-7000G. Texas Instruments ya biyo baya da TI-81 a 1990, sannan TI-84 Plus a 2004, wadda ta zama kamar kayan makaranta na dole a sakandaren Amurka. Ƙanina abin da ya ga kowane yaro na riƙe da shi a can ya saya, bai yi laifi ba.

Saboda haka tambayar farko ita ce: wace jarrabawa yaron zai zauna? Umarnin takardar lissafi ta WAEC ya yarda da kalkuleta marar ƙara, marar igiyar wuta, wadda ba a iya ɗora mata shiri. Mai zane ta faɗi a sharaɗi na uku. A jarrabawar JAMB kuwa ba a shiga da kowace irin kalkuleta, akwai wata 'yar ƙarama a fuskar kwamfutar da ɗalibi zai yi amfani da ita, wadda ya kamata ya saba da ita tun kafin ranar. In dai yaronka waɗannan ne a gabansa, kamar yawancin 'ya'yanmu da ke cikin ɗakin nan, ta kimiyya mai kyau ta wadatar, kuma a tambayi makaranta tun farkon shekara wacce za a bari ya shiga da ita.

Akwai waɗanda lamarinsu ya bambanta, kuma na san a cikinmu akwai masu neman wa 'ya'yansu tallafin karatu a waje. Mai karatun difloma ta IB ana buƙatar ya mallaki mai zane, domin akwai takardar lissafin da aka tsara ta a kan cewa tana hannunsa. A jarrabawar IGCSE ta Kambirij, darasin lissafi mai lamba 0607 yana buƙatarta, amma mai lamba 0580, wanda aka fi zaunawa, bai yarda da ita ba. Ku duba, hukuma ɗaya, darasi biyu, doka biyu. Jarrabawar SAT ta shiga jami'o'in Amurka ta koma kwamfuta tun 2023 ga masu zaunawa a wajen ƙasar, kuma an saka kalkuleta mai zane ta Desmos a cikin manhajar jarrabawar kanta, don haka ba dole ne a sayi komai ba. A kula kuma da haruffa uku, CAS, da ake rubutawa a jikin wasu samfura irin su TI-Nspire CX CAS. Waɗannan suna warware aljabara da kansu, su ba da amsa da haruffa. Sun fi tsada, kuma su aka fi haramtawa: jarrabawar ACT ta daɗe da hana su, SAT ma ta bi sahu a 2025. Mutum zai iya ƙara kuɗi ya sayo abin da za a tare a bakin ƙofa.

Maganar kuɗi ba ƙarama ba ce. Sabuwar TI-84 Plus CE ta haura dala 100 a can inda aka fi sayar da ita. Ku juya wannan zuwa naira, ku ajiye shi kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ba sai na ƙara komai ba. Wanda ya zame masa dole, Casio fx-9750GIII ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma kusan duk abin da ɗan sakandare zai nema tana yi, sai dai fuskarta ba launi. Ni a ganina, a garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, mai cin ƙananan batura huɗu ta fi mai caji kwanciyar hankali, domin batir ko a shagon bakin layi za ka samu da safiyar jarrabawa.

Kada a ɗauka ina kushe na'urar. Bayan hayaniyar gidana ta lafa, na karɓe ta na zauna da ita dare da yawa, kuma na ga abin da ban gani ba a shekaru ukun da na yi a kwalejin ilimi. Ɗauki y = x² − 5x + 6. A allo, sai malami ya cika jadawali, ya auna, ya ɗiga, ya haɗa, rabin darasi ya tafi kafin yara su ga layi mai siffar ƙwarya ya ratsa layin x a kan 2 da 3. A na'urar, daƙiƙa kaɗan ne. Sai ka mayar da 6 ɗin nan 4, ƙwaryar ta nutsa ƙasa, mahaɗan su koma 1 da 4. Ka mayar da ita 7, ƙwaryar ta ɗaga sama, ba ta taɓa layin ko kaɗan. A nan ne yarinyata ta ce, "Baba, ashe abin da ake nufi ke nan in an ce lissafi ba shi da amsa ta zahiri." Shekara guda tana haddace ƙa'idar, sai a daren nan ta gan ta da idonta.

Sai dai wannan ganin ba sai da dala ɗari ake samunsa ba. Manhajar GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 yana ɗalibi a jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, kyauta ce, kuma in an sauke ta a waya tana aiki ba tare da intanet ba. Desmos ma kyauta ce. Malamin lissafi mai waya ɗaya zai iya zagayawa da ita benci-benci. Uba zai iya ba da aron wayarsa rabin sa'a bayan sallar isha'i, yana zaune kusa, saboda dalilin da duk muka sani.

Yanzu amfani. Kuskuren da ya fi cinye maki, a mai zane da ta kimiyya duka, shi ne ma'aunin kusurwa. Na'urar tana auna kusurwa da digiri ko da radiyan, kuma ba za ta gargaɗe ka ba in tana kan wanda ba ka nufa ba. Gwajin mai sauƙi ne: yaro ya danna sin 30 kafin ya fara komai. In ya ga 0.5, lafiya. In ya ga −0.988, tana kan radiyan, kuma duk tambayar kusurwa da zai amsa ta lalace tun daga tushe. Na biyu shi ne baka-biyu. Danna −3² za ta ba ka −9, alhali mai neman ninka −3 da kanta 9 yake so, sai ya kewaye −3 ɗin da baka-biyu. Na'urar ba ta yi kuskure ba, abin da aka tambaye ta ta amsa. Na uku na mai zane ne kaɗai: tagar da take buɗewa da ita a TI-84 daga −10 zuwa 10 ce ta kowane ɓangare. Ka ba ta y = x² + 20, fuska za ta fito fayau ba komai, yaro ya ce ta lalace, alhali zanen yana can sama da inda tagar ta tsaya.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan damuna. A takardar WAEC, tambayar giraf da hannu ake yin ta: ɗalibi ya cika jadawali, ya bi ma'aunin da aka ba shi, misali santimita biyu a madadin ɗaya, ya zana da fensir a takardar giraf. Ana ba da maki a kan matakan aiki, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Yaron da ya saba na'ura na zana masa, hannunsa ya yi sanyi. Dokar da na kafa a gidana ita ce a fara da fensir, a gama, sannan a kunna na'ura a duba ko an dace. Kuma wata uku kafin babbar jarrabawa na kulle mai zanen a akwatina, yarinya ta koma kan wadda za ta shiga ɗaki da ita, har yatsunta suka san maɓallan ba tare da ta duba ba.

In za ku sayi ta kimiyya a kasuwa, ku sani jabu sun yi yawa, suna ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Ni ma an taɓa sayar mini da wata a wani shago, wata biyu rabin alƙalumanta suka dushe. A gwada ta a gaban mai shago: a danna 2 + 3 × 4, amsa 14 ce. A karkata fuskar a ga ko rubutun na ɓacewa, a taɓa kowane maɓalli a ji ko yana nutsewa daidai. Farashin da ya yi arha fiye da hankali shi ma shaida ne.

Saura mu malaman firamare, tunda daga hannunmu suke fita. Wani tsohon ɗalibina ya taɓa nuna mini aikinsa, 48 sau 52, ya rubuta 24,960 ya ja layi biyu a ƙasa, don yatsansa ya ƙara sifili bai sani ba. Na tambaye shi hamsin sau hamsin nawa ne. Ya yi shiru, sannan ya ce dubu biyu da ɗari biyar, sai ya kalli takardarsa ya yi dariya. Amsar 2,496 ce. Tun daga ranar na ware minti biyar a farkon kowane darasin lissafi a ajina: in rubuta lissafi a allo, ba wanda zai taɓa biro, kowa ya ƙiyasta amsar za ta faɗa tsakanin nawa da nawa. Makon farko shiru ake yi, zuwa ƙarshen zango har rige-rige suke yi.

Na zo da kalkuletar da na ba ku labari, tana nan a kan tebur tare da wata ta kimiyya. Duk mai son ya taɓa su ko ya ga yadda ake sauke GeoGebra a wayarsa, zan tsaya bayan an tashi.