Ba a Kiwon Kare Ranar Farauta

Muna gaida ƴan makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata, tare da malamansu. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Urno cikin gundumar Madawa, da na Buza, da na Keita, da sauran jama'ar jihar Tawa.

Yau hirarmu a kan kare take. Wani zai yi dariya, ya ce: "Duk dabbobin da ke akwai, sai kare?" To, ɗan'uwa, dakata ka ji. Maganar kare maganar lafiyar ƴaƴanmu ce. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Wanda yake son kare ya yi masa aiki, tilas ya kula da shi tun kafin ranar buƙata.

Amfanin kare

A ƙauyukanmu kare ma'aikaci ne. Da dare yana gadin gida da rumbu. A garke yana korar dila daga tumaki da awaki. A garka yana tsaron albasa da sauran kayan lambu. Mafarauta kuma sun san darajarsa. Malamai sun bayyana mana cewa an yarda a ajiye kare don tsaron dabbobi, ko gona, ko don farauta. Sun kuma hore mu da tausayin kowace dabba.

Jiharmu ma tana da kare mai suna a duniya. Shi ne karen Azawak, dogon nan siriri mai gudu, wanda makiyayan arewacin Tawa suke kiwo. A shekarun 1970 aka fara kai irinsa Turai, har yau kuma ana kiwonsa a can.

To, amma a garuruwa da yawa kare yana yawo ne kawai. Idan ya kori ɓarawo, kowa ya ce nasa ne. Ranar da ya ciji yaro, sai a rasa mai shi. Wannan hali shi muke so a bari. Duk wanda ya ɗauki kare, ya ɗauki amana.

Ci da sha

Abu na farko shi ne ruwa. A sa masa kaskonsa dabam, a inuwa, a riƙa zuba ruwa mai tsabta kullum. A lokacin bazara, cikin Afrilu da Mayu, kada kaskon ya bushe. Kare ba ya zufa kamar mutum. Harshe yake fitarwa yana haki don ya sha iska. Idan aka ɗaure shi cikin rana babu ruwa, zafi yana iya kashe shi.

Abu na biyu shi ne abinci. Babban kare ya ci sau ɗaya ko sau biyu a yini. Kwikwiyo kuwa sau uku ko huɗu, kaɗan-kaɗan. Tuwo, da ƙanzo, da dafaffen wake, da guntun nama ko kifi dafaffe, duk suna yi. Karen da ya ƙoshi a gida ba ya yawon juji, ba ya kama kajin maƙwabta.

Akwai abubuwa uku da ba a ba kare.

Na ɗaya, albasa da tafarnuwa masu yawa. Mu mutanen ƙasar albasa ne, sai mu kiyaye. Albasa tana ɓata jinin kare, ɗanya ko dafaffiya. Kada a zuba masa ragowar miyar da ta sha albasa, kada kuma a bar shi ya ci ruɓaɓɓiyar da aka zubar.

Na biyu, ƙashin kaza da aka dafa. Yana tsagewa, ya soki maƙogwaro ko hanji.

Na uku, ɗanyen huhu ko hanta mai ƙululun ruwa. Mahauta sun san irinsa. Cikin ƙululun nan akwai ƙwayayen tsutsa. Idan kare ya ci, tsutsar ta girma a cikinsa, ƙwanta ya fita cikin kashinsa. Daga nan sai ya koma ga tumaki, har da mutane. Irin wannan nama a ƙone shi, ko a binne shi cikin rami mai zurfi.

Tsabta da lafiya

A riƙa duba jikin kare, musamman kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu. Nan kaska take ɓuya. A cire ta a hankali, har da kanta. Idan gashinsa yana zuba, yana yawan susa, ko yana ramewa alhali yana ci, a kai shi wurin ma'aikacin kiwo. Akwai maganin ƙuma, akwai na tsutsar ciki. Kada a shafa masa maganin ƙwari na gona, guba ne gare shi da mai shafawa.

A share kashin kare daga tsakar gida, a binne. Kada kare ya lashi kwanon da mutane suke ci. Wanda ya taɓa kare ya wanke hannu da sabuni kafin ya ci abinci.

Karya tana ɗaukar ciki wata biyu ne kacal, ta haifi ƴaƴa da yawa. Kwikwiyon da aka jefar bayan gari, shi ne gobe zai zama karen da ba mai shi. Saboda haka a nema wa kowane kwikwiyo gida, bayan ya yi wata biyu wurin uwarsa. Wanda ba ya son ƙarin karnuka ya nemi shawarar likitan dabbobi, don akwai aikin da ake yi a tsai da haihuwa.

Tarbiyya

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka kare. A sa masa suna tun yana ƙarami. A kira shi, idan ya zo a ba shi ɗan abin tauna, a shafa kansa. A koya masa kalmomi kaɗan: "zo", "kwanta", "bari". Kowa a gida ya yi amfani da kalma iri ɗaya. Minti biyar kullum ya isa.

Duka ba ya koya wa kare hankali. Tsoro yake koya masa, kuma kare mai tsoro shi ne mai saurin cizo. Kada a riƙa zuga shi ya bi mutane ko jakuna don wasa. Idan baƙi za su zo, ko ana biki, a ɗaure shi a inuwa da igiya mai tsawo. Amma kada ya wuni ya kwana a ɗaure kullum.

Yara ma suna buƙatar tarbiyya. A gaya musu: kada su jefi kare. Kada su taɓa kare yana ci ko yana barci. Kada su matsa kusa da karya mai shayarwa. Idan baƙon kare ya nufo yaro, kada ya ruga. Ya tsaya cik kamar icce, hannuwa a jiki, har karen ya wuce.

Haukan kare

Yanzu mun zo ga babbar magana. Ku kasa kunne da kyau.

Haukan kare ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Ƙwayar cuta ce da ke cikin miyan dabbar da ta kamu. Tana shiga jikin mutum ta wurin cizo, ko yakushi, ko idan kare ya lashi miki. Daga nan ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar nan takan ɗauki wata biyu ko uku. Wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara.

Ƙungiyar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare suke samunta. Cikin mutum 10 da ta kashe, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Ga yadda abin yake faruwa. A ce yaro ya je kai wa babansa fura a gona. Wani kare ya ɗan cije shi a ƙafa. Mikin ƙarami ne, aka sa toka, ya warke. Kowa ya manta. Bayan wata biyu yaro ya fara zazzaɓi, yana firgita. Ƙishirwa tana damunsa, amma da ya ga ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe. To, idan an kai nan, magani ya ƙare. Wanda alamun cutar suka bayyana gare shi, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma da an kai yaron nan likita ranar da aka cije shi, da allura ta tare cutar a hanya.

Allurar nan ba sabuwa ba ce. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 ita a watan Yuli na 1885, yaron kuma ya rayu. Don tunawa da wannan masani, tun 2007 ake ware ranar 28 ga Satumba a matsayin ranar yaƙi da haukan kare a duniya.

Yaya ake gane mahaukacin kare? Halinsa yakan sake. Mai sanyin hali ya koma faɗa, yana cizon icce da dutse da duk abin da ya tarar. Muryarsa ta sake, miyau yana dalala. Wani kuwa ba ya faɗa ko kaɗan. Sai ya lafe wuri ɗaya, baki a buɗe, kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu cikin bakinsa don ciro ƙashi. Daga baya ƙafafunsa su mutu, shi ma ya mutu cikin ƴan kwanaki.

Idan kare ya ciji mutum

Ga abubuwa biyar. Mai alli ko biro ya rubuta.

1. A wanke mikin nan take da ruwa mai yawa da sabuni, har tsawon minti 15. Ana zuba ruwa ana cuɗawa. Wannan wanki yana fitar da ƙwayar cuta mai yawa.

2. Kada a sa toka, ko barkono, ko ƙasa, ko gashin karen. Ba sa kashe cutar, lokaci kawai suke ɓatawa.

3. A tafi gidan likita a ranar, ko da mikin ƙarami ne. Idan babu allurar a nan, za su faɗi inda za a same ta. Cizon fuska, ko wuya, ko yatsu ya fi gaggawa.

4. Allurar ba sau ɗaya ake yi ba. Likita zai ba da ranakun komawa. A cika su duka, ko da miki ya warke.

5. Idan karen na gida ne, a tsare shi wuri ɗaya, ana ba shi ci da sha, a sanar da ma'aikacin kiwo. Za a sa masa ido kwana 10 ko fiye. Amma wanda aka ciza kada ya zauna jiran kwanakin nan, ya fara allura tukuna.

Idan an kashe kare mai alamun hauka, kada a taɓa shi da hannu, kada yara su ja shi. A kira ma'aikacin kiwo. Idan ya ciji akuya, ko saniya, ko jaki, su ma a faɗa, domin suna kamuwa.

Rigakafi ya fi magani

Hanya mafi sauƙi ita ce a tare cutar a jikin kare. Kwikwiyo ya cika wata uku, a kai shi a yi masa allurar rigakafi. Bayan haka a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya faɗa, galibi kowace shekara. A adana takardar allurar wuri mai kyau. Ku da kuka iya karatu yanzu, ku duba kwanan watan da ke jikinta da kanku, ku taimaki maƙwabcin da bai iya ba.

Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 7 cikin 10 allura a gari, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Kisan karnuka da guba ba ya maganinta, don ba a jimawa wasu za su cike gurbin. Gubar kuma tana iya kashe angulu da sauran dabbobi. Ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare nan da 2030. Alkawarin nan ba zai cika ba sai kowane ƙauye ya sa hannu.

Saboda haka muna kira ga masu gari da hakimai. A ƙidaya karnukan gari, a san mai kowane. A haɗa kai a nemi ma'aikacin kiwo ya zo rana ɗaya ya yi musu allura. A gayyaci makiyayan da suke sauka kusa da mu bayan girbi, don karnukansu da namu suna cuɗanya. Kuɗin allurar kare bai kai kuɗin mota da na maganin mutum ɗaya ba.

Tambayoyin tattaunawa

Bayan kun karanta, ku tattauna da malaminku:

1. Karnuka nawa ne a unguwarku? Nawa ne ba su da mai su?
2. Minti nawa ake wanke cizon kare?
3. Ina ne gidan likita mafi kusa da ku, kuma ina ma'aikacin kiwo yake zaune?
4. Me za ku gaya wa yaranku yau da dare?

Jama'a, nan za mu dasa aya. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya kare mu da iyalanmu, ya albarkaci dukiyarmu. Sai wani jiƙon, mu kwana lafiya.