Jawabin Karrama Malaminmu na Ilimin Zamantakewa

 

Mai girma Hakimi, Allah Ya ja zamaninka, shugaban wannan taro, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata da suka taso daga Kano, Kaduna, Abuja, Legas da Fatakwal domin halartar taron bana, assalamu alaikum.

Mun miƙe ne a madadin ɗaliban da suka zauna gaban wannan dattijo da ke dama da Hakimi. Ba sai mun ambaci sunansa ba, domin a garin nan in an ce "Malam" aka yi shiru, kowa ya san wanda ake nufi.

Malam ya fito daga kwalejin horon malamai da takardar shaida mai daraja ta biyu, ya kama alli a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika makarantu, malamai suka yi ƙaranci, har wasu azuzuwan a gindin bishiya ake yin su. Bayan 'yan shekaru ya tafi Babbar Kwalejin Malamai ta Zariya ƙaro ilimi. Da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982, sai aka turo shi ƙaramar sakandarenmu ya koyar da ilimin zamantakewa. A nan ya zauna har ya cika shekara 35 yana aiki, ya yi ritaya a 2011. Abokan karatunsa da yawa sun bar aji sun koma ofis ko siyasa. Shi kuwa sau biyu aka yi masa tayin kujera a hedikwata, ya ce a bar shi da allonsa.

Kowannenmu yana tuna taswirar Nijeriya da ya zana da hannunsa a bangon aji. Ya same ta da jihohi 19. A 1987 suka koma 21, a 1991 suka zama 30, a 1996 suka kai 36, kuma kowane karo da kuɗin aljihunsa yake sayen fenti ya sāke zanen. Da aka mai da babban birnin tarayya Abuja a Disambar 1991, wani daga cikinmu ya ɗora a kan benci ya goge tauraron da ke kan Legas. Yakan ce mana gwamnati na iya sāke iyaka da alƙalami, amma maƙwabcinka na jiya shi ne maƙwabcinka na yau.

Darasinsa bai tsaya a aji ba. Ranar kasuwa yakan raba mu rukuni-rukuni, ya tura mu wurin 'yan kasuwa mu tambayo daga ina goro ya zo, daga ina manja, daga ina kanwa. Mu dawo mu ce goro da manja daga kudu, kanwa daga yankin Tafkin Chadi, sai ya ce mu duba tukunyar gidanmu mu ƙirga garuruwa nawa ne a cikinta. Zaɓen shugaban aji kuwa da kwalin sukari ake yi, a jefa ƙuri'a a ɓoye, a ƙirga a gaban kowa, wanda ya faɗi ya tashi ya ba wanda ya ci hannu. A zamanin mulkin soja muka koyi wannan, tun kafin a koma mulkin farar hula a 1999.

Aikinsa mafi girma shi ne wanda yake ba 'yan aji uku a hutun ƙarshen shekara: kowa ya zauna da kakansa ko kakarsa, ya rubuto daga ina gidansu ya taso, wace sana'a suka gada, wa ya haƙa rijiyar unguwarsu, yaya aka tsallake shekarun fari. A lokacin muna ganin wahala ce. Yau kusan duk tsofaffin da muka tambaya sun riga mu gidan gaskiya, abin da suka faɗa kuwa yana cikin waɗancan littattafai namu, waɗanda Malam ya adana a cikin adaka a ɗakinsa. Da muka ziyarce shi kafin wannan taro, mun tarar gara ta fara taɓa na ƙasa.

'Yan'uwa, gaskiya ɗaci gare ta. Bayan ritaya Malam ya daɗe yana jele kafin haƙƙinsa ya fito, yana bin layin tantancewa cikin rana, alhali a cikinmu akwai manyan ma'aikata. Dokar 2022 da ta ƙara wa malamai shekarun aiki zuwa 40, ko shekara 65 da haihuwa, ba ta riske shi ba. Yanzu yanar ido ta hana shi karatu. Ajin da ya koyar da mu rufinsa ya yaye, taswirar ta wanke da ruwan sama. Mu kuwa 'ya'yanmu suna makarantun kuɗi a birni, wasunsu ba su san sunan unguwar kakanninsu ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka muna roƙon wannan taro abu uku. Na farko, a ɗauki nauyin aikin idon Malam, a kuma buɗe asusun kula da dukan malaman garinmu da suka yi ritaya. Na biyu, a naɗa kwamitin da zai karɓi littattafan nan, a kwafe su a kwamfuta, a buga su littafi guda tun Malam yana da ƙarfin yi mana gyara. Na uku, a rufe ajin nan kafin damina ta faɗi, a sāke zana taswirar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'ajin ƙungiya yana nan da takarda, kuma rukuninmu ya riga ya rubuta nasa.

Malam, ka yafe mana jinkirinmu. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya saka maka da Aljanna. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka rasu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.